Kwana Biyu a Bauchin Yakubu

Ya kai ɗalibi, a ce an yi hutun makaranta, kai da amininka kun sami izinin iyaye da ɗan guzuri, kuna kuma da kwana biyu kacal da za ku yi a birnin Bauchi. Me za ku gani? Me za ku ci? Me kuma za ku bari sai wani karo? Tambaya ta ukun ita ta fi wuya, domin baƙo mai gajeren lokaci yakan so ya ga kome, daga ƙarshe ya koma gida da gajiya da hotuna, bai san garin ba.

Irin wannan tafiya ita ake kira yawon buɗe ido. Mai yin ta ba fatauci ya fita ba, ba kuma neman magani ko gaisuwar dangi ba. Ya fita ne don ya ga abin da a da labarinsa kawai yake ji, kamar yadda Hausawa suke cewa gani ya kori ji. Ka kuma lura da kalmar amini. Aboki yana da yawa: akwai na aji, da na wasa, da na unguwa. Amini shi ne wanda ka amince da shi, ya san sirrinka, ka san nasa. Mace takan ce ƙawata, idan kuma amincin ya yi ƙarfi ta ce aminiyata. Duk abin da aka faɗa wa ɗalibi a wannan darasi har da ke ake yi, ya ke ɗaliba.

Kafin a kama hanya

Abu na farko da za ku daidaita shi ne maganar kuɗi, kuma a gida za ku gama ta. A ƙasar Hausa ba a jin daɗin ganin abokai biyu sun ci abinci tare, sannan sun tsaya gaban mai abincin suna lissafin wanda ya ci loma nawa. Abin da aka saba gani shi ne kowa yana rige-rigen biya, wannan ya ce "bari," wancan ya ce "a'a, ni zan ba da." Al'ada ce mai kyau, amma tana da haɗari ga ɗalibai, domin mai kunya yakan yi ta biya har guzurinsa ya ƙare, ya kuma yi shiru da abin a ransa. Mafita ita ce karo-karo. Kowa ya kawo abin da aka yarda, a haɗa wuri ɗaya, ɗayanku ya zama ma'aji. Shi zai biya kuɗin mota da na masauki da na abinci. Kuɗin komawa gida kuwa a ware shi daban, kada a taɓa shi ko da tsire ya yi kira.

Sai zaɓen lokaci. Daga watan Maris zuwa Mayu ana zafin bazara, yawo da ƙafa yana da wuya da tsakar rana. Da damina, wato wajen Yuni zuwa Satumba, duwatsun da suka kewaye garin sukan yi kore shar, sai dai ruwan sama yana iya tsare ku a ɗaki. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ya fi dacewa, in dai kun riƙo rigar sanyi da man shafawa saboda bushewar leɓe. Ku duba kalanda kuma. A watan azumi yawancin masu sayar da abinci ba sa fitowa da rana. Da sallah kuwa za ku ga hawan sarki da dawakai, amma gari yakan cika maƙil.

Wanda ya fito daga Jos yana da tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka, ta cikin duwatsu. Na Kano zai biyo ta Birnin Kudu da Ningi, na gabas ya shigo ta hanyar Gombe. Ko ta ina kuka fito, ku yi sammako don ku iso da sauran rana. A cikin gari keke mai ƙafa uku zai kai ku kusan ko'ina. Ku faɗi inda za ku, ku ji kuɗin, ku yarda, sannan ku hau. Idan ɗayanku yana da ɗan'uwa a garin, ku sauka wurinsa ko da kuna da kuɗin otal, domin da ɗan gari akan ci gari.

Safiya da masa

Karin kumallonku na farko ba ya bukatar shawara. Idan aka ambaci Bauchi a wajen abinci, masa ce take fara zuwa bakin mutane. Bakano zai ce mata waina, amma a nan masa ake cewa, kuma mutanen garin suna alfahari da tasu.

Aikin masa tun jiya yake farawa. Akan jiƙa farar shinkafa, irin wadda ake tuwo da ita, har ta yi laushi. A wanke ta, a haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa, a kai inji a niƙa. Abin da ya fito shi ne ƙullu. Sai a sa masa yis, a rufe, a ajiye wuri mai ɗumi har ya tashi, wato ya kumbura ya yi ɗan tsami. Da asuba mai masa za ta gyara ƙullun da gishiri da sukari da albasa, ta ɗora tanda a wuta. Tanda wani kasko ne mai gurabu da yawa, na ƙasa ko na ƙarfe. Takan ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, idan ƙasan ya soyu ta juya. Ka tsaya ka kalli hannunta. Kafin ta zuba gurbi na ƙarshe, na farko ya isa juyi, kuma ba ta ɗaga kai ko da tana amsa gaisuwar mutum uku. Masa mai kyau bayanta ja-ja ne mai ɗan ƙarfi, cikinta kuwa fari ne mai laushi da 'yan ƙofofi.

Da me ake cin ta? Yara sukan so ta da sukari ko zuma, wasu da ƙuli-ƙuli da yaji. Amma abokiyar tafiyarta ta asali ita ce miyar taushe, wadda ake yi da kabewa da alayyafo da gyaɗa da nama, wani lokaci a ƙara yakuwa don ɗan tsami. Ni dai a ganina, wanda ya ci masar Bauchi da sukari kaɗai rabin labari ya ji.

A nan ne kuma za ka gwada Hausarka. Kada ka fara da "ba ni." Ka fara da sallama, ka ce "Ina kwana, Hajiya?" ko "Sannu da aiki, Inna," ka jira amsa, sannan ka faɗi ta nawa kake so. Ba a ciniki a kan dafaffen abinci, amma kana iya cewa "a yi mana gyara," ta ƙara maka ɗaya ko biyu in ta ga dama. Ga kuma wani wasan harshe da za ka ji daɗinsa. Idan ka saya wa amininka, sai ka ce, "Na saya masa masa." A rubuce kalmomin biyu iri ɗaya ne. A baki kuwa ta farkon gajerun wasula gare ta, ta biyun kuma, wato abincin, ana jan wasulanta biyu. Idan ka gajarta su duka, mai masa za ta gane ka, amma za ta yi murmushi.

Wurin da duhu yake kai mutum ga haske

Daga wurin masa ku nufi hubbaren Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ke wajen Ƙofar Ran. Hubbare shi ne kabarin babban mutum da aka kewaye da gini, ake ziyartarsa. Ka riga ka san fuskar mutumin, domin ita ce a jikin takardar naira biyar.

An haife shi a 1912. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya dawo Bauchi ya koyar a makarantar Midil. Malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa, kuma marubuci ne. Littafinsa Shaihu Umar yana cikin waɗanda suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, aka buga shi a 1934. Labari ne na wani malami da yake zaune a Rauta, kusa da Bauchi, yana ba almajiransa tarihin yadda aka sace shi yana yaro, bauta ta ƙetara da shi hamada. Idan kun karanta shi kafin tafiya, ziyarar za ta fi yi muku ma'ana. Ya zama Firayim Minista a 1957, kuma yana kan wannan muƙami Nijeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. A cikin watan nan ne ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da aka karɓi Nijeriya a cikinta. Saboda daɗin lafazinsa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. An kashe shi a juyin mulkin soja na Janairun 1966, aka kawo gawarsa gida Bauchi. Ginin da za ku gani an buɗe shi a 1979.

Shi ginin kansa darasi ne, don haka kada ku yi sauri. Daga waje ba shi da ado, dogayen bangaye ne kawai. Da kun shiga za ku sami kanku a wani siririn lungu mai duhu, kuna tafiya kuna hawa a hankali. Can sai haske ya fara ratsowa, har ku fito fili. Masu yi wa baƙi jagora sukan bayyana cewa duhun yana nufin zamanin mulkin mallaka, hasken kuma 'yancin kai, launuka iri-iri da ke jikin bango kuwa al'ummomin Nijeriya ne. Kabarin yana tsakiya, babu rufi a samansa, rana tana dukansa, ruwa yana sauka a kansa kamar kabarin kowane talaka. Mutane da yawa sukan yi shiru idan sun iso nan ba tare da an ce su yi ba. Abin da ake faɗa shi ne "Allah ya jiƙansa," a amsa da "amin." A harabar akwai ɗakin da aka adana hotunansa da wasu kayan da ya yi amfani da su. Ku duba su da kyau, ku kwatanta da girman muƙamin da ya riƙe.

Ku yi wa jagoran tambayoyi da Hausa, ko da tana karyewa. Idan ba ka gane ba ka ce, "Don Allah a maimaita, ina koyo ne." Wannan jimla tana buɗe ƙofofi da yawa. Kana iya tambayarsa labarin Sa'adu Zungur, marubucin waƙoƙi ɗan Bauchi da ya rasu a 1958, da Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a makarantar Midil ta garin. A farkon shekarun 1940 su da Abubakar da wasu 'yan boko sukan haɗu a wani zauren tattaunawa, suna muhawara kan yadda ake mulkin jama'a. Siyasar Arewa ta zamani tana da saiwa a wannan zaure.

Cikin ganuwa

Yanzu sai ku koma baya da shekara fiye da ɗari. Sau da yawa za ka ji ana cewa Bauchin Yakubu. Malam Yakubu almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, daga cikin Gerawa, mutanen wannan yanki. Ya karɓo tuta daga Shehu, ya kafa wannan birni a 1809, ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Game da sunan garin, labarin da aka fi bayarwa shi ne na wani maharbi mai suna Baushe, wanda ya nuna wa Yakubu wurin da ya dace a kusa da dutsen Warinje, shi kuma ya saka wa garin sunansa don godiya. Masana tarihi kuwa suna tunatar da mu cewa tun kafin jihadi Hausawa suna kiran yankunan da ke kudu da ƙasarsu ƙasashen Bauchi. Ka riƙe bayanan biyu, amma idan dattijo yana ba ka na farko kada ka katse shi da na biyu.

Yakubu ya kewaye birninsa da ganuwa, wato katangar ƙasa mai kauri, wadda tsawon zagayenta ya ɗara kilomita 10. Ruwan sama da gine-gine sun cinye mafi yawanta. Abin da ya rage shi ne ƙofofi da sunayensu, irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Wambai da Ƙofar Nassarawo da Ƙofar Dumi, an kuma sake gina wasu da kayan zamani. Sunayen suna da amfani har yau, domin da su ake kwatance. Turawan Ingila sun ci garin a 1902. A 1976 ya zama babban birnin sabuwar Jihar Bauchi, wadda aka cire Gombe daga cikinta a 1996. Tun daga nan gari ya yi ta faɗaɗa a bayan ganuwa, da ma'aikatu da unguwanni irin su Yalwa, inda jami'ar da ke ɗauke da sunan Tafawa Ɓalewa take da harabarta ta farko.

Tsakiyar tsohon gari ita ce fada, da babban masallaci kusa da ita, da filin da ake kira ƙofar fada. Haka tsarin biranen Hausa yake, idan ka san na Kano ko na Zariya ba za ka ɓata a nan ba. Sarkin Bauchi Rilwanu Sulaimanu Adamu ya hau gadon sarauta a 2010. Fada gida ce kuma wurin aiki, saboda haka ba a kutsa kai. Za ku ga dogarai da manyan riguna masu ja. Ku gaishe su, ku ce ku ɗalibai ne baƙi, ku tambayi inda aka yarda ku tsaya. Idan aka shigar da ku zaure, ku tuɓe takalma, ku rusuna, ku ce wa babba "Ranka ya daɗe." Kada ku ɗaga waya ku ɗauki hoton kowa sai kun nemi izini. Ranar Juma'a da azahar hanyoyin wajen sukan cika da masallata, wanda ba salla zai yi ba gara ya zo da hantsi ko bayan la'asar.

Ka kasa kunne ga Hausar da ake yi a lungunan nan, domin tana da ɗan bambanci da ta littafinka. A aji an koya maka "Ya kawo wa baƙo ruwa." A Bauchi kana iya jin "Ya kawo ruwa wa baƙo." Ba kuskure ba ne, karin harshen wurin ne, ana kiransa Bausanci. A jarrabawa dai ka rubuta ta farkon.

Tuwo da santi

Da rana ta take, ku nemi gidan abinci inda kuka ga 'yan gari suna shiga da yawa. Ku nemi tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuka ko ta kuɓewa, ko dambu, ko kwaɗon zogale ga mai son abu marar nauyi. Ku ce a zuba muku a kwano ɗaya. Cin abinci tare a kwano ɗaya alamar aminci ce, kuma yana da ƙa'idoji. A wanke hannu, a ci da dama, kowa ya ci gabansa. Ba a kai hannu ga nama tun loma ta farko, akan bari sai can a raba. Idan wani ya zo wucewa ko ya zauna kusa da ku, ku ce masa "Bisimilla." Ba lalle ne ya ci ba, zai ce "Alhamdu lillahi" ko "A ci lafiya," amma rashin tayin rowa ce. Kai ma idan aka yi maka tayi, haka za ka amsa.

Akwai wata kalma da sai a irin wannan zama za ka fahimce ta sosai, ita ce santi. Idan daɗin abinci ya kwashe mutum har ya fara magana marar kan gado, ko ya shiga yabon abin da bai shafi kowa ba, sai a ce yana santi. A ce kuna cikin cin tuwo, amininka ya dubi bango ya ce, "Kai, wanda ya yi fentin nan gwani ne!" Ai sai dariya. Za ka ce masa, "Malam, santi kake yi," shi kuma ya rantse ba santi ba ne, rantsuwar ta ƙara tona shi. Ba a yi wa baƙo ko babba wannan tsiya. Tsakanin aminai da abokan wasa ake yin ta, shi ya sa tafiya da amini ta fi tafiya da ayari daɗi.

Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, ku shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. A nan ciniki halal ne. Ka tambaya "Nawa ne?" Ya faɗa, ka taya. Idan tayinka bai kai ba zai ce "Albarka," wato ka ƙara. Idan ya kai zai ce "Na sallama." Daga nan kuwa ba a fasawa, saboda haka kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye.

Da dare kuma sai wurin mai nama. A kudancin Nijeriya kome suya ake ce masa, amma a Hausa suya aikin soyawa ne, naman kuwa kowane da sunansa. Tsire shi ne wanda aka yanka siri-siri, aka soke a tsinke, aka shafe da garin ƙuli-ƙuli, aka kafa kewaye da wuta. Balangu gasashshe ne ba tsinke, ana yanka maka a takarda da albasa da yaji. Kilishi kuwa sai an shanya naman ya bushe, a tsoma shi cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Akan ba mai saye ɗan yanki ya ɗanɗana. Ku karɓa, amma kada ku mai da ɗanɗano abincin dare. Ku sayi mai zafi da aka cire daga wuta a gabanku, ku koma masauki da wuri.

Taura biyu ba ta taunuwa

Rana ta biyu ita ce inda aminai sukan saɓa, kuma dalilin saɓanin sunansa Yankari. Duk wanda ya ji za ka Bauchi zai tambaye ka ko za ka je can, kuma yana da hujja. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina, ga kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta garau yake, ɗuminsa yana wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Daga sunanta ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jihar ta sami nata.

Sai dai Yankari ba cikin birni yake ba. Ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata kudu zuwa ƙofar dajin, daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar kilomita 40 da wani abu kafin sansanin Wikki. Jimilla ya haura kilomita 100. Dabbobi kuma ba su san an zo ganinsu ba. Da sassafe da yamma suke fitowa, an fi kuma ganinsu da rani, lokacin da ƙishirwa take kora su bakin kogin Gaji. Na taɓa yin wannan kuskure da wani aminina. Muka tsaya cin masa har hantsi ya ɗaga, muka isa da tsakar rana, ba mu ga ko wutsiyar giwa ba. Gwaggon biri ne kaɗai ya tarye mu, ya fizge burodin da ke hannun abokina ya haye bishiya. Muka dawo da dare, kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa.

Saboda haka shawarata ita ce, idan kwana biyu gare ku, ku bar Yankari sai kun sami lokacin da za ku kwana a can. Idan kuwa ran ɗayanku ya kafe a kansa, to ku ba shi ranar gaba ɗaya, ku shirya mota tun daren jiya, ku fita da asuba, ku haƙura da sauran abubuwan. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a haɗa biyun. Ku yanke wannan shawara tun kuna gida, lokacin da kuke maganar kuɗi, domin gardamar da aka yi a kan tabarma ta fi wadda za a yi a bakin tasha sauƙi.

Wanda ya zauna a gari bai yi asara ba. Da safe ku koma wurin mai masar jiya. Za ta gane ku, gaisuwar yau za ta fi ta jiya tsawo, wataƙila har ta tambaye ku labarin garinku. Daga nan kuna iya fita madatsar ruwa ta Gubi, arewa da gari kaɗan, wadda take shayar da birnin, ku zauna ku kalli ruwa da duwatsu da masunta. Ko kuma ku sake bin lungunan tsohon gari ba tare da wata manufa ba, ku tsaya wurin maɗinka hula da maƙera, ku sha fura da nono a inuwa. A irin wannan yawo ne za ka ji kana amsa gaisuwa ba tare da ka fassara ta a zuci ba.

Da yamma sai tsaraba, wato abin da matafiyi yake kai wa mutanen gida. Masa ba ta jure doguwar tafiya, sai in da safen za ku saya ku isa da ita a ranar. Kilishi da ƙuli-ƙuli da yaji kuwa suna yin kwanaki, a dai naɗe kilishin a takarda, kada a kulle shi cikin leda yana da ɗumi. Ma'aji ya kawo lissafi, a raba abin da ya rage. Idan a gidan mutane kuka sauka, ku yi musu sallama tun da dare, ku gode wa uwar gida musamman, ku ɗan ba yaran gidan wani abu. Za su ce muku, "Allah ya kiyaye hanya, a gai da mutanen gida." Ku amsa, "Amin, za su ji." Motocin safe sun fi saurin cika, don haka ku kasance a tasha kafin rana ta fito.